Darasi: Duwatsun Adon Rumawa da Abin da Suke Koya Mana

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin su wane ne Rumawa da zamanin da suka yi mulki;
2. lissafa abubuwan da suke yin duwatsun ado da su, da inda suke samo su;
3. bayyana hanyoyin ƙera dutsen ado na gilashi;
4. bayyana yadda masana ke gane shekarun abin da aka tono;
5. faɗin dalilin da ya sa wurin da aka tsinci abu yake da muhimmanci kamar abin kansa.

GABATARWA

Da wuya a shiga gidan da babu dutsen ado. Wata na da murjani a wuya, wata jigida a ƙugu, dattijo kuma da carbinsa a hannu. Haka abin yake ga mutanen da suka rayu shekara dubu biyu da suka wuce. Tufafinsu sun ruɓe, katakonsu ya zama ƙasa, tsatsa ta ci ƙarfensu, amma gilashi da dutse suna jure zama a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa masu tonon tsofaffin garuruwan Rumawa suke yawan cin karo da duwatsun ado. Ƙwaya ɗaya tana iya ba da labarin sana'a, fatauci da zaman jama'a, muddin an san takamaiman inda aka tsince ta.

1. SU WANE NE RUMAWA?

Asalin Rumawa mutanen birnin Rum ne da ke ƙasar Italiya ta yau. Daga wannan birni mulkinsu ya faɗaɗa har ya kewaye Bahar Rum baki ɗaya. Sun ci Masar a shekara ta 30 kafin Miladiyya. Agustus ya zama sarkin daular na farko a shekara ta 27 kafin Miladiyya, sannan a shekara ta 43 Miladiyya sojojinsu suka shiga Birtaniya da yaƙi. A lokacin ganiyarta, daular ta kama daga arewacin Ingila zuwa kudancin Masar, daga Maroko zuwa ƙasar Sham. Ɓangaren yamma ya rushe a shekarar 476, na gabas kuma ya ci gaba har 1453. Darasinmu ya fi shafar ƙarni huɗu na farkon Miladiyya.

Da yake waɗannan ƙasashe duk suna ƙarƙashin mulki ɗaya, ga hanyoyi ga jiragen ruwa, kayan da aka ƙera a Masar kan isa hannun mai saye a Ingila ba tare da wata babbar wahala ba.

2. YADDA AKE TONO DUWATSUN ADO

> AKWATIN MA'ANA
> Kufai: wurin da mutane suka taɓa zama, suka tashi suka bar shi.
> Ilimin kufai: nazarin rayuwar mutanen dā ta hanyar abubuwan da suka bari a ƙasa.
> Shimfiɗar ƙasa: ƙasar da ta taru hawa-hawa a wuri ɗaya. Ta ƙasa ta girmi ta sama.

Aikin masanin kufai aikin haƙuri ne. Da farko yakan ja igiya ya raba filin gida-gida, kowane gida da lambarsa. Daga nan sai a riƙa kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da cokalin gini da buroshi. Duk ƙasar da aka kwashe sai an tace ta a rariya, wani lokaci ma a wanke ta da ruwa, domin wasu duwatsun ba su wuce milimita biyu ko uku ba. Kowace ƙwaya ana sa ta a 'yar jaka, a rubuta gidan da ta fito da zurfin da aka same ta.

A kabari aka fi yin taka-tsantsan. Zaren sarƙar wuya ya riga ya ruɓe, amma sau da yawa duwatsun suna nan a jere yadda aka shirya su. Saboda haka sai an ɗauki hoto, an zana matsayin kowace ƙwaya, kafin a ɗaga ta. Da wannan zane ake gane ko abin wuya ne, ko na hannu, ko kuwa ɗinka su aka yi a jikin riga.

Ban da kaburbura, ana samun su a barikin soja, a juji, a maƙera, har da magudanar ruwa ta gidajen wanka. A Caerleon da ke yankin Wales, an tsinci duwatsun zobe 88 a magudanar gidan wankan sojoji, waɗanda suka faɗo daga yatsun masu wanka.

3. DA ME AKE YIN SU?

Mafi yawan duwatsun adon Rumawa na gilashi ne. Ana haɗa yashi da natron, a hura musu wuta mai zafin da ya wuce digiri 1,000 har su narke.

> AKWATIN MA'ANA
> Natron: wani gishirin ƙasa dangin kanwa, wanda ke sa yashi ya narke da sauƙi. Rumawa sun fi samo shi daga Wadi Natrun a Masar.
> Fayans: niƙaƙƙen farin dutse da aka cuɗa, aka siffanta, aka gasa har bayansa ya yi ƙyalli, galibi shuɗi ko kore.
> Amba: ƙaron itace da ya daɗe a ƙasa har ya sandare, mai launin zuma.

Aikin gilashin kashi biyu ne. Manyan matoya a Masar da gaɓar Sham su ke narka ɗanyen gilashi mai yawa, a farfasa shi gunduwa-gunduwa, a loda a jiragen ruwa. Ƙananan maƙera a garuruwa daban-daban kuma su saya, su sake narkawa, su yi kwalba, kofi ko dutsen ado. Fasasshen gilashi ma ba a zubar da shi, tattarawa ake yi a sake narkawa.

Launi kuwa daga ma'adinai yake zuwa. Sinadarin kobal na ba da shuɗi mai duhu. Jan ƙarfe na ba da kore, ko shuɗi mai haske, ko ja, gwargwadon yadda aka sarrafa wutar. Manganis na ba da ruwan goro mai duhu da ke kusa da shuni. Idan ba a ƙara komai ba, ɗan ƙarfen da ke cikin yashin kan sa gilashin ya fito kore-kore.

Masu hali sun fi son duwatsu masu tsada. Zumurrudu daga hamadar gabashin Masar ake haƙo shi. Lu'ulu'u daga tekun gabas yake zuwa. Amba daga gaɓar tekun Baltik ake kawo shi, a sassaƙa a birnin Aquileia na Italiya. Marubucin nan Pliny Babba ya ba da labarin wani jami'i da aka aika can takanas a zamanin Sarki Nero domin ya sayo shi. Akwai kuma wani baƙin dutse mai sauƙin sassaƙa daga Whitby a Ingila, wanda masu sana'a a York suke yi wa aiki. Wadda ba ta da kuɗin zumurrudu sai ta sayi koren gilashi mai kusurwa shida, wanda aka yi shi da gangan ya yi kama da na ainihin.

4. HANYOYIN ƘERA DUTSEN GILASHI

Naɗawa. Maƙeri na shafa wa siririn ƙarfe yumɓu, ya ɗebo narkakken gilashi ya naɗa a jikinsa, yana juyawa a kan wuta har ya yi siffar da yake so. Idan ya huce sai ya zare ƙarfen, gurbinsa ya zama ramin zare. Har yau Masaga na Bida suna aiki da wannan dabara. Alamar dutsen naɗi ita ce layuka siri-siri da suka kewaye ramin.

Ja. Ana sa iska a tsakiyar curin narkakken gilashi, a ja shi ya miƙe ya zama dogon bututu, sannan a yayyanka. Wannan hanya ta fi sauri, ta fi arha. A irin wannan dutse, layukan suna bin tsawon ramin ne.

Zinariya a ciki. Ana lulluɓe siririn bututu da fallen zinariya, a zura shi cikin wani bututun da ya ɗan fi shi faɗi, a ɗumama, a matse shi gaɓa-gaɓa. Zinariyar kaɗan ce ƙwarai, amma dutsen kan yi ƙyalli kamar gwal ne gaba ɗayansa.

Haɗin launuka. Ana jera sandunan gilashi masu launi daban-daban su ba da hoto, a narka su su manne, a ja su su sirance, a yanka. Kowane yanki na ɗauke da hoton nan. Wasu fure ne, wasu kuma fuskar mutum ce 'yar ƙarama, da ido da baki da gashi. An tono irin masu fuskar nan a Meroe ta ƙasar Sudan.

5. YADDA AKE GANE SHEKARU

Dutsen ado ba ya ɗauke da kwanan wata. Masana na dogara da abu uku: shimfiɗar da aka same shi, kayan da ke tare da shi, da sinadaran da ke jikinsa. Game da sinadarai, an san cewa wajen ƙarni na 9 maƙeran Masar da Sham sun bar natron sun koma tokar tsirrai, kuma na'ura tana bambance gilashin natron da na toka.

*Misali na 1: kwabo a ƙarƙashin daɓe.* Wani magidanci ya fasa daɓen ɗakinsa zai gyara, sai ya tarar da kwabo mai shekarar 1973 a ƙarƙashinsa. Yaushe aka yi daɓen?
Mataki na farko: kwabon ya riga daɓen shiga wurin.
Mataki na biyu: ba a buga kwabon kafin 1973 ba.
Amsa: an yi daɓen a 1973 ko bayanta. Zai iya zama 1980, zai iya zama 1995, amma ba 1960 ba.
Haka nan idan aka sami duwatsun ado a kabari tare da kuɗin Sarki Kustantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337, an san ba a rufe kabarin kafin 306 ba.

*Misali na 2: murjanin gado.* Wata amarya ta sa murjanin da kakarta ta saya shekara 60 da suka wuce. Wanda ya ga murjanin ya ce amaryar ta kai shekara 60, ya yi kuskure. Dutsen ado kan girmi mai shi. An sami duwatsun Rumawa a kaburburan mutanen da suka zauna a Ingila bayan Rumawan sun tafi. Masana kan duba bakin ramin: idan zare ya goge shi har ya faɗaɗa, dutsen ya daɗe ana sawa kafin a binne shi.

*Misali na 3: lissafi.* Aman wutar dutsen Vesuvius ya rufe garin Pompeii a shekara ta 79. Shekara nawa ke nan zuwa 2025?
2025 − 79 = 1,946.
Duk dutsen adon da aka samu a ƙarƙashin tokar nan ya kai aƙalla waɗannan shekarun.

6. SU WA KE SA SU, KUMA DON ME?

> AKWATIN MA'ANA
> Mahalli: ainihin wurin da aka tsinci abu, da zurfinsa, da duk abin da ke kewaye da shi.

Mahalli ne ke amsa wannan tambaya. Bari mu dubi wurare uku.

Pompeii. A 2019 masu tono sun sanar da gano ragowar wani akwati a wani gida. Katakon ya ruɓe, ƙarafan murfin kawai suka rage, amma kayan ciki suna nan: duwatsun gilashi, na fayans, na amba, da 'yan layu iri-iri. Babu zinariya ko ɗaya a ciki. Wannan ya sa shugaban aikin ya yi hasashen cewa kayan na barori ko bayin gidan ne. Layun sun nuna cewa ba don kwalliya kaɗai ake sa duwatsu ba. Rumawa sun yarda da kambun baka, kuma Pliny ya rubuta cewa ana rataya wa jarirai amba da murjani da nufin kariya.

Barikin soja. Akwai wani dutse na fayans, shuɗi-shuɗi, mai tsagi a jiki irin na kabewa. Ana yawan samunsa a barikin sojojin Rumawa na ƙarni na 1 da na 2 a Birtaniya da bakin kogin Rhine. Masana da dama na ganin ana yi wa dawaki ado da shi. Saboda haka ganin dutsen ado a wuri bai isa a ce mace ce ta yar da shi ba.

York. A 1901 an tono akwatin gawa na dutse a birnin York. A ciki akwai ƙasusuwan wata matashiya ta ƙarshen ƙarni na 4, da shuɗɗan duwatsun ado, 'yan kunne, tulun gilashi, da awarwaro iri biyu: na baƙin dutse da na hauren giwa. Binciken da masana daga Jami'ar Reading suka buga a 2010 ya nuna alamun cewa tana da tushe a Arewacin Afirka. Kayanta sun nuna mai daraja ce. Da an sace su an sayar ɗai-ɗai, da ba wanda zai san wannan labari.

7. INA SUKA KAI?

Dutsen ado ba shi da nauyi, ba ya lalacewa, kuma kowa na sonsa. Saboda haka ya yi tafiyar da ta wuce iyakar daular. Daga tashar Berenike a gaɓar Bahar Maliya jirage kan tashi zuwa Indiya. An tono kayan Rumawa a Arikamedu ta kudancin Indiya, inda masanin kufai Mortimer Wheeler ya yi aiki a 1945. Cinikin bai tsaya ɓangare ɗaya ba, domin da yawa daga cikin duwatsun da aka samu a Berenike daga Indiya da Sirilanka suka zo.

A kudu, mutanen Garama na yankin Fazzan a Libiya sun yi ciniki da Rumawa, kuma an sami gilashi da tukwanen Rumawa a kaburburansu. A Abalessa ta kudancin Aljeriya, kabarin da Abzinawa ke dangantawa da kakarsu Tin Hinan, wanda aka buɗe a 1925, ya ƙunshi duwatsun ado da tambarin kuɗin Sarki Kustantin.

A gabas mai nisa, wata cibiyar bincike da ke Nara ta sanar a 2012 cewa duwatsun gilashi uku da aka tono a wani kabari na ƙarni na 5 kusa da Kyoto a Japan an yi su da natron, kuma da alama daga daular Rum suka fito.

*Misali na 4: hannu zuwa hannu.* An saƙa atamfa a ƙasar Sin, dillali ya kawo ta Kantin Kwari a Kano, ɗan kasuwa ya saro ya kai Maraɗi, wata mata ta saya a kasuwar ƙauye. Shin wanda ya saƙa ta ya taɓa zuwa ƙauyen? A'a. Atamfar ce ta bi hannu huɗu. Haka duwatsun Kyoto: sun nuna cewa kaya sun iso, amma ba su nuna cewa Barume ya taka ƙasar Japan ba.

8. HATTARA DA GAGGAWAR YANKE HUKUNCI

Ba kowane tsohon dutsen gilashi ne na Rumawa ba. A Igbo-Ukwu ta jihar Anambra, masanin kufai Thurstan Shaw ya tono duwatsun ado sama da 165,000, amma na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10 ne, bayan zamanin da muke magana a kai. A Ile-Ife kuma bincike ya tabbatar da cewa mutanen wurin da kansu suka narka gilashinsu daga wajen ƙarni na 11. Wanda ya ce duk abu mai kyau daga waje ya zo, ya tauye haƙƙin maƙeran gida. Sai an auna, an gwada, kafin a ambaci asali.

TAƘAITAWA

Rumawa sun yi duwatsun ado da gilashi, fayans, amba da duwatsu masu tsada. Sinadaran dutse na nuna inda aka narka shi, layukan jikinsa na nuna yadda aka ƙera shi, mahallinsa kuma na nuna zamaninsa da mai shi. Dutsen da aka ciro ba tare da an rubuta mahallinsa ba ya rasa mafi yawan amfaninsa ga ilimi, kuma wannan asara ba ta gyaruwa.

TAMBAYOYIN BITA

*A. Cike gurbi*
1. Rumawa sun ci Masar a shekara ta ______ kafin Miladiyya.
2. Ana haɗa yashi da ______ domin yin gilashin Rumawa.
3. Sinadarin ______ ne ke ba gilashi launin shuɗi mai duhu.
4. Amba daga gaɓar tekun ______ ake kawo shi.

*B. Gaskiya ko kuskure*
5. Shimfiɗar ƙasa ta sama ta girmi ta ƙasa.
6. Mata ne kaɗai ke amfani da duwatsun ado a daular Rum.
7. Duwatsun Igbo-Ukwu na zamanin Sarki Agustus ne.

*C. Amsa a taƙaice*
8. Me ya sa ake tace ƙasa a rariya a wurin tono?
9. Ta yaya za ka bambance dutsen naɗi da dutsen ja?
10. An sami abin wuya a kabari tare da kuɗin da aka buga a shekarar 320. Me za ka iya faɗa game da lokacin da aka rufe kabarin? Me ba za ka iya faɗa ba?
11. Ɓangaren yamma na daular ya rushe a 476. Shekara nawa ke nan zuwa bana?

*D. Tattaunawa a aji*
12. Me kabarin matashiyar York ya koya mana game da mutanen da suka zauna a daular Rum?
13. Me ya sa sayar da kayan tarihi a ɓoye yake cutar da al'umma?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya nemi izinin wata dattijuwa a gidansu ya duba tsohon dutsen adonta. Ya rubuta launinsa, siffarsa, yanayin raminsa, da abin da ta sani game da inda ya fito. A kawo bayanin aji a darasi na gaba.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanku manoma ne, magina da masu haƙar rijiya, kuma ku ne kuka fi kowa kusa da abin da ƙasa ta ɓoye. Idan kuka ci karo da tsohon abu, ku bar shi a inda yake, ku sa wa wurin alama, ku sanar da mai gari da gidan tarihi mafi kusa da ku.